Darwin: sunan mutum ne ko sunan gari?

Maman Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da damuwa, ina neman wanda ya san abin ya fahimtar da ni. 'Yata Ummi ta samu gurbin digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma a Ostiraliya, har da tallafi. Muna cikin murna sai jiya yayan babanta ya zo ya karɓi takardar ya duba, ya ga an rubuta Jami'ar Charles Darwin, a garin Darwin. Nan take fuskarsa ta canza. Ya ce ai wannan ne Baturen da ya ce daga biri aka samo mutum, kuma garin da aka sa wa sunansa ba zai rasa zama matattarar mabiyansa ba, don haka ba za a kai 'yarsu can a juya mata aƙida ba. Babanta ya rasu, shi ne waliyyinta, ba na son in tsallake maganarsa. Don Allah garin nan na mutumin ne? Shi ya kafa shi? Jiya ban rintsa ba.

Baban Khalifa (Fatakwal):
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya jiƙan mahaifinta. Ni aikina a tashar jiragen ruwa yake, kuma mu a wurinmu Darwin sunan tasha ne, inda ake lodin shanu masu rai zuwa Indonesiya da iskar gas zuwa Japan. Sai da ɗana ya shiga aji huɗu na sakandare na fara jin sunan a bakinsa a matsayin mutum.

Ɗalibin Tarihi:
Mama, ki kwantar da hankalinki. Charles Darwin bai kafa garin nan ba, bai ma taɓa taka ƙasarsa ba.

Ga yadda aka yi. Yana ɗan shekara 22 ya shiga wani jirgin ruwan sojan Birtaniya mai suna Beagle, a Disambar 1831. Aikin jirgin auna gaɓar teku da zana taswira. Suka yi kusan shekara biyar suna zagaya duniya, sai Oktobar 1836 suka koma Ingila. A tafiyar sun yada zango a Ostiraliya, amma can kudu: Sidni, da Hobart, da wani lungu a kudu maso yamma. Arewacin ƙasar, inda garin Darwin yake yau, ko hango shi bai yi ba. Daga wannan dawowa kuma bai sake barin Birtaniya ba har ya mutu a 1882.

Jirgin ne ya sake fita ba tare da shi ba. A Satumbar 1839 suna auna gaɓar arewa, wani hafsa mai suna John Lort Stokes ya shiga wata faffaɗar mashigar ruwa da kwalekwale, ya ci karo da wani irin dutse mai laushi. Shi Stokes ɗaki ɗaya suka zauna da Darwin a tafiyar farko, ya san yadda abokinsa yake da son duwatsu. Sai shi da shugaban jirgin, John Wickham, suka sa wa mashigar suna Port Darwin, don su nuna wa tsohon abokin tafiya cewa ba su manta da shi ba. Ki lura da shekarar, Mama: 1839. Littafinsa kan asalin halittu da ya jawo duk wannan ce-ce-ku-ce bai fito ba sai Nuwambar 1859. Shekara 20 cif ke nan tsakani. Lokacin da aka raɗa sunan, ɗan shekara 30 ne da aka sani da tsintar duwatsu da ƙwari.

Maman Ummi:
Ikon Allah. Wato takwara kawai aka yi masa, irin wanda aboki kan yi wa aboki?

Ɗalibin Tarihi:
Haka ne. Garin kansa ma da aka kafa a 1869, ƙarƙashin wani safiyo George Goyder, Palmerston aka kira shi, sunan wani firaministan Birtaniya. Mutane ne suka ci gaba da cewa Port Darwin saboda tashar, har sunan ya rinjayi na hukuma. A 1911, da gwamnatin tarayya ta karɓi yankin daga hannun jihar Ostiraliya ta Kudu, aka mayar da shi Darwin a takarda. Jami'ar kuwa ta jiya ce, a 2003 aka haɗe wasu makarantu aka ba ta wannan suna.

Malam Na Sakkwato:
Na gode da tarihin, ɗana, amma kada a raina damuwar waliyyin yarinya. Wanda aka ɗora wa amana dole ya yi tambaya. Ko da abota ce ta sa sunan a 1839, waɗanda suka sa wa jami'a sunansa a 2003 ai sun san abin da ya rubuta, kuma girmama shi suka yi. Mu abin da muka riƙe a bayyane yake: Allah ya halicci Annabi Adamu daga yumɓu, ya busa masa rai. Babu wani bincike da zai kawar da mu daga nan. Tambayata ita ce, yarinyar tana da gindin karatun addinin da za ta ji irin wannan magana a aji ba ta girgiza ba? Wannan ne abin dubawa, ba allon da ke ƙofar makaranta ba.

Malamar Kimiyya (Zariya):
Allah gafarta Malam, tambayarka ta ƙarshe ita ce gaskiyar magana, kuma ina ƙara cewa ba sai an je Ostiraliya ake gamuwa da Darwin ba. Shekara 19 ina koyar da ilimin halittu, kuma yana cikin manhajar da Ummi ta riga ta rubuta jarrabawa a kanta tun tana sakandare. Abu ɗaya nake son a gyara, don idan za mu ƙi magana gara mu ƙi ta yadda mai ita ya faɗe ta. Bai ce biri ya haifi mutum ba. Cewa ya yi mutum da birai sun haɗa kaka can baya mai nisa. Na san wannan ma bai dace da abin da Malam ya ambata ba, ba kuma ina ƙoƙarin lulluɓe saɓanin ba ne. Amma littafin 1859 kusan duk kan tsirrai ne da dabbobi, na gida da na daji, maganar mutum sai a 1871 ya fito da ita sosai.

Kuma akwai ɓangaren aikinsa da mai karatun lafiyar al'umma ba za ta iya kauce masa ba. Me ya sa kulorokwin da ya warkar da iyayenmu ya daina aiki a kan zazzaɓin cizon sauro? Saboda maganin ya kashe ƙwayoyin cutar masu rauni, 'yan kaɗan masu jurewa suka tsira suka hayayyafa, har suka zama su ne mafi yawa. Haka sauro ke yi da maganin feshi. Wannan tacewar ita ce zuciyar abin da mutumin ya bayyana, kuma muna ganinta da idonmu a asibiti.

Malam Na Sakkwato:
Malama, wannan ban musa ba. Cuta ta saba da magani, sunnar Allah ce a cikin halittarsa. Jahiz na Basra ma ya yi dogon rubutu kan yadda dabbobi ke cin juna da kare kansu, shekaru kusan dubu kafin wannan Bature. Inda muka rabu shi ne asalin ɗan Adam, kuma a nan zan tsaya.

Auta:
Ni na ji wani mai wa'azi ya ce ai Darwin ya tuba kafin ya mutu, ya janye duk maganarsa.

Malamar Kimiyya (Zariya):
Ƙanena, wannan labari wata mata ce ta baza shi a Amurka a 1915, shekara 33 bayan mutuwarsa, kuma 'ya'yansa da suka yi jinyarsa sun ƙaryata. Kada mu kare gaskiyarmu da labarin da bai inganta ba. Abin da ya tabbata shi ne a Kambirij karatun zama limamin coci ya yi, daga baya imaninsa ya yi ta raguwa, har ya ce shi ba ya iya yanke hukunci kan samuwar Ubangiji. Matarsa kuwa mai riƙo da addininta ce, abin ya dame ta har ta rubuta masa wasiƙa a kai.

Anti Nas (Darwin):
Salamu alaikum. Wata ƙawata ce ta turo min wannan zance ta ce in shigo, don shekarata shida a garin ina aikin jinya. Maman Ummi, wallahi a shekara shidan nan ban taɓa zama da wani ya ɗauko min hirar Charles Darwin ba. Mutanen nan hirarsu zafi, kifi, kada, da tsadar haya.

Garin ƙarami ne, duka da kewayensa wajen mutum 150,000 ne. Abin da zai ba ki mamaki, nisan da Kano take da shi daga tsakiyar duniya ta arewa, kusan shi ne nisan Darwin ta kudu, duka wajen digiri 12. Don haka yanayin ba baƙo ba ne: rani da damina, babu hunturun ƙanƙara. Sai dai a juye yake. Damina daga Nuwamba zuwa Afrilu, rani daga Mayu zuwa Oktoba, kuma ruwan ya ninka na Kano. Kafin saukar ruwa akwai wani gumi mai nauyi da sai wanda ya ɗanɗana. Mangwaro kuwa har sai kin gaji. Ranar da na fara ganin bishiyar kuka a ƙasar nan tsayawa na yi na dafa ta, hawaye suka zubo min, don akwai wani jinsinta a arewa maso yammacin ƙasar.

Akwai masallaci ba nisa da unguwar Casuarina inda babban harabar jami'ar take, ana Juma'a, ana buɗa-baki tare da azumi. 'Yan Indonesiya, 'yan Pakistan, 'yan Bangaladash, 'yan Somaliya da Sudan, duk za ta gan su. Naman halal ba ya wuya. Jakarta ta fi kusa da mu a kan Kanbera, babban birnin ƙasar.

Gargaɗina ɗaya: teku a nan na kallo ne. Akwai kadojin ruwan gishiri manya, akwai kuma wata halitta mai kama da leda da dafinta ke kisa, musamman daga Oktoba zuwa Mayu.

Maman Ummi:
Allah ya saka da alheri 'yar'uwa. Kin sauke min dutse daga ƙirji. Zan karanta wa yayan babanta wannan da bakina.

Ɗan Damagaram:
Ni wani abu ne ya tsaya min. Kowa na cewa “an sa wa mashigar suna” kamar kafin 1839 wurin ba shi da suna, ba shi da masu shi. Anti Nas, su wa Turawan suka tarar?

Anti Nas (Darwin):
Ka taɓo inda yake min ciwo, Yaya. Masu ƙasar su ne Larrakia, sun yi dubban shekaru a wurin, kuma suna nan har gobe. Sunan wurin a harshensu Garramilla, wato farin dutse, saboda fararen duwatsun bakin gaɓar. Dubi abin: dutsen wurin ne ya sa Stokes ya tuna da abokinsa, alhali masu wurin tuni sun raɗa masa suna da dutse.

Abin da aka yi musu ba kaɗan ba ne. A 1913 aka buɗe wani sansani a cikin garin mai suna Kahlin, aka tattara 'yan asalin ƙasa a ciki, da dare ba su da izinin yawo a garin da aka gina a kan ƙasar kakanninsu. Yaran da ubanninsu Turawa ne ko 'yan Asiya aka riƙa ƙwace su daga hannun uwayensu ana tsarewa. Na yi jinyar tsofaffin da aka yi wa haka suna ƙanana. Wata ta riƙe hannuna da dare tana gaya min ba ta san fuskar mahaifiyarta ba. Sai a Fabrairun 2008 firaminista Kevin Rudd ya tsaya a majalisa ya nemi gafara. Ƙarar neman ƙasa da Larrakia suka shigar a 1979 kan yankin da ke tsallaken mashigar, sai 2016 aka miƙa musu. Shekara 37, da yawa daga waɗanda suka fara ta ba su ga ƙarshenta ba. Kuma idan Ummi ta zo karatun lafiyar al'umma, a kan waɗannan mutane za ta fi yin aiki: ciwon ƙoda, ciwon suga, ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro a yara. A nan ne ilimin da za ta samu yake da nauyi.

Ɗan Damagaram:
To kun ji. Ni a nan nake ganin laifin sunan, ba a maganar biri ba. Maƙwabtanmu na Chadi sun yi shekara 73 babban birninsu na amsa sunan Fort-Lamy, sunan sojan Faransa da ya mutu a yaƙin Rabe a Kusuri a 1900, sai a 1973 suka mayar da shi Njamena. Me zai hana a mayar da wannan Garramilla?

Baban Khalifa (Fatakwal):
Ɗan'uwa, ai ni a cikin irin wannan suna nake kwana nake tashi. Fatakwal ɗin nan Port Harcourt ce, Lugga ya sa mata sunan Lewis Harcourt, sakataren mulkin mallaka da ke zaune a Landan, a 1913, lokacin da ake gina tashar don fitar da kwal ɗin Inugu. Shekara biyu kacal bayan an tabbatar da sunan Darwin. Masu wurin suna da nasu sunan, Iguocha. Mu Hausawa bakinmu ya tauna sunan Baturen har ya zama Fatakwal, yau ba wanda ke tuna shi idan ya faɗa. Ina ganin haka Darwin ya zama ga mazauna can.

Ɗalibin Tarihi:
Amma a yi adalci, Darwin da Lamy ba ɗaya ba ne. Lamy da bindiga ya zo. Gidan su Darwin kuwa an san su da ƙin cinikin bayi. Kakansa na wajen uwa, Josiah Wedgwood, shi ya ƙera shahararriyar lambar nan ta 1787 mai hoton bawa a durƙushe cikin sarƙa, wadda masu yaƙi da bauta suka riƙa ratayawa. A Edinburgh wani baƙar fata da aka 'yanta, John Edmonstone, shi ya koya wa Darwin feɗe tsuntsu da adana fatarsa, kuma ya ambace shi da girmamawa har tsufansa. A Barazil ya yi sa-in-sa da kyaftin ɗin jirgi, FitzRoy, kan bauta, har ya zaci za a sauke shi.

Ɗan Damagaram:
Na yarda da duk wannan. Amma shi ɗin dai ya rubuta a 1871 cewa nan gaba al'ummomin da ya kira wayayyu za su shafe waɗanda ya kira na daji. Ko bai ce a yi ba, ya faɗe shi kamar abin da ba makawa, kuma masu mulki a wurare irin su Ostiraliya sun ji daɗin wannan magana, ta zame musu abin wanke hannu. Sannan ka duba danginsa. Francis Galton, jikan kakansa, shi ya ƙirƙiro aƙidar tace irin ɗan Adam a 1883, wai a hana waɗanda ake ganin ba su da nagarta haihuwa. Ɗan Darwin na cikinsa, Leonard, ya shugabanci ƙungiyar masu wannan ra'ayi daga 1911 zuwa 1928. Ba za a ɗauki zumar gida a bar harbin ba.

Ɗalibin Tarihi:
Wannan gaskiya ne, ba zan kare shi ba.

Malamar Kimiyya (Zariya):
Tunda an shigo maganar dangi, bari in baje ta, don ni abin da ya fi jan hankalina ke nan, kuma shi nake gaya wa ɗalibaina. Mu mun san Darwin ɗaya, alhali gida ne guda.

Kakan, Erasmus Darwin, an haife shi a 1731, likita ne da ya yi suna har Sarki George na Uku ya nemi ya zama likitansa ya ƙi. Tun a shekarun 1790 ya rubuta cewa mai yiwuwa halittu daga tushe ɗaya suka fito, jikan bai ma zo duniya ba. Uban, Robert, shi ma likita ne, mai dukiya, yana ba da rance ga masu gonaki. Sai Charles. Sai 'ya'yansa: George masanin taurari da lissafi, farfesa a Kambirij. Francis masanin tsirrai, shi da mahaifinsa suka yi gwajin nan na rufe kan ɗan tsiro da hula, suka gano cewa ƙololuwar ce ke jin haske ta sa jikin ya lanƙwasa, gwajin da har yau nake sa yara su yi da masara a gwangwani. Horace kuma ya kafa kamfanin ƙera na'urorin awo a Kambirij a 1881. Su ukun nan duk an ba su sarautar Sir, wadda uban bai samu ba. Jika kuma, Charles Galton Darwin, masanin fiziya ne da ya yi aiki da shahararren masanin nan Rutherford, ya shugabanci babbar cibiyar awo ta Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Akwai kwaleji a Kambirij da aka kafa a 1964 mai sunan gidan, a tsohon gidan George.

Galton ya kalli irin wannan ya ce basira a jini take. Ni kuwa da na duba sai na ga kuɗi da lokaci da littattafai. Charles ya gudu daga karatun likita don ba ya iya kallon tiyata, lokacin babu allurar kashe zafi. Da ɗan talaka ne, shi ke nan an gama. Shi kuwa aka sake biya masa wata makarantar. Tafiyar Beagle uban ne ya ɗauki nauyinta, bayan kawunsa ya lallashe shi. Tunda ya dawo bai taɓa yin aikin albashi ba, ya zauna a gidansa na ƙauye shekara 40, takwas daga ciki a kan wasu ƙananan halittun da ke manne wa jikin jirgin ruwa. Ina da ɗalibai a ajina da idonsu ya kai nasa kaifi, amma ana tashi daga makaranta talla ce ke jiransu. Wannan ne ke hana ni barci.

Malam Na Sakkwato:
Malama, a nan kam muna tare. Gidan malamai mu ma mun san shi. Shehu Usmanu, da ƙaninsa Abdullahi, da Muhammadu Bello, da Nana Asma'u, ai ba a jini kawai suka sha ba. Sun tashi sun tarar da littafi a buɗe da babba mai amsa tambayar yaro.

Uwar Biyu:
Ni tambayata ta mata ce. An ce auren zumunci ya yi, gaskiya ne?

Malamar Kimiyya (Zariya):
Gaskiya ne Yaya. Emma Wedgwood taubashiyarsa ce, 'yar kawun nan da ya roƙar masa tafiya. Sun yi aure a Janairun 1839, shekarar da aka sa wa mashigar sunansa. Yayarsa Caroline ma yayan Emma ta aura. Sun haifi goma, uku suka rasu suna ƙanana. Mutuwar Annie a 1851, tana da shekara goma, ta karya shi ƙwarai. Ya yi ta zullumin ko kusancin jini ne ke raunana 'ya'yansa, har ya nemi a sa tambayar auren dangi a ƙidayar 1871, majalisa ta ƙi. Sai George ya ɗauki binciken da kansa a 1875, ya ce an zuzuta illar fiye da kima, amma akwai ta. Abin da muka sani yau shi ne haɗarin yana ƙaruwa idan akwai cutar gado a ɓoye a dangi, kamar sikila. Shi ya sa nake roƙon duk mai shirin haɗa 'ya'ya, na zumunci ko na waje, a yi gwajin jini tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.

Baban Khalifa (Fatakwal):
Malama, George ɗin nan da kika ambata ya sa na miƙe zaune. A aikinmu akwai jadawalin cikowa da janyewar teku, da shi ake sanin sa'ar da babban jirgi zai shiga ko ya fita. A lissafin akwai alamomi, M2 na jan wata, S2 na jan rana. Wani tsohon matuƙi ya taɓa ce min alamomin Darwin ake kiransu, na ɗauka tashar ake nufi.

Malamar Kimiyya (Zariya):
George ne, shi ya tsara su a shekarun 1880.

Anti Nas (Darwin):
To ai kuwa a nan ake buƙatarsu. Tsakanin cikowa da janyewa ruwan mashigar nan kan yi bambancin kusan mita 8. Da safe ki ga teku har bakin bishiyoyi, da rana ki ga taɓo iya ganinki. Ashe uban bai zo ba, amma lissafin ɗan yana aiki a tashar kullum.

Auta:
Anti, an ce garin ya taɓa rushewa?

Anti Nas (Darwin):
Ba sau ɗaya ba. Ranar 19 ga Fabrairun 1942 jiragen Japan 188 suka afka masa da safe, ƙarƙashin kwamandan da ya jagoranci harin sansanin sojan Amurka na Pearl Harbor makonni goma kafin nan. Sama da mutum 230 suka mutu a ranar, aka nutsar da jirage a cikin tashar, kuma an ci gaba da kai hari fiye da sau 60 har ƙarshen 1943. Sai daren Kirsimetin 1974, guguwar da ake kira Tracy ta kwashe mafi yawan gidajen garin, ta kashe fiye da mutum 60, aka kwashe sama da mutum 30,000 zuwa kudu, yawancinsu ta jirgin sama. Shi ya sa ba za ka ga tsofaffin gine-gine da yawa ba, kuma dokar gini a nan tana da tsauri sosai. Duk shigowar damina ana tuna mana mu tanadi ruwa da fitila da rediyo.

Baban Khalifa (Fatakwal):
Har yau ma idon manya na kan tashar. A 2015 aka ba wani kamfanin Chaina, Landbridge, hayarta na shekara 99 kan dalar Ostiraliya miliyan 506, alhali tun 2012 sojojin ruwan Amurka ke zuwa garin duk shekara. Rigimar ba ta kwanta ba.

Ɗalibin Tarihi:
Mama, ga abin da za ki ƙara wa Baffan Ummi, ina ganin zai sanyaya masa rai. Musulmi sun riga Beagle zuwa wannan gaɓa. Masunta daga Makassar ta Indonesiya sun fi shekara ɗari suna zuwa arewacin Ostiraliya duk shekara da iskar damina, suna kamun wata halittar teku da ake busarwa a sayar wa 'yan Chaina, har aka hana su a wajen 1907. Sun yi ciniki da auratayya da mutanen gabas da Darwin, sun bar kalmomi a harshensu, kamar rupiya da ake kiran kuɗi. Inda suka yi sansani kuma ana gane shi da bishiyoyin tsamiya da suka tsiro daga 'ya'yan da suka yar. Jirgin ƙasan da ke tasowa daga Adelaide, tafiyar kusan kilomita 3,000, wanda ya fara isa Darwin a 2004, sunansa Ghan, don tunawa da Musulmi masu raƙuma daga Afganistan da kewayenta da suka yi dakon kaya a hamadar ƙasar.

Malam Na Sakkwato:
Tsamiya da kuka da raƙuma. Allah mai iko. Hajiya, ki gaya wa waliyyin na ce ya zauna da yarinyar ya ji zurfin karatunta da kansa, ya haɗa ta da wannan baiwar Allah da ke can, sannan ya yi istihara. Matsayina kan littafin mutumin bai canza ba, amma ban ga dalilin hana ta tafiya saboda sunan gari ba.

Ɗan Damagaram:
Ni kuma roƙona, idan ta je ta koyi faɗin Garramilla, ta kuma gaida masu ƙasar kafin ta gaida masu jami'a.

Maman Ummi:
Na dawo. Bayan la'asar na je gidan Yaya da wayata, Ummi ta karanta masa tun daga farko. Ya sa ta maimaita wurin 1839 da 1859 sau biyu, ya kuma yi shiru mai tsawo a wurin tsohuwar da ba ta san fuskar mahaifiyarta ba. Bai ce e ba tukuna. Ya ce a ba shi kwana uku, kuma yana son ya yi magana da Anti Nas da mijinta ta waya. 'Yar'uwa, in babu takura zan bi ki ta akwatin sirri.

Anti Nas (Darwin):
Babu takura ko kaɗan, Hajiya, ki turo. Ku kira bayan sallar asuba taku, lokacin nan azahar ta yi, mun fi ku da awa takwas da rabi. In Allah ya sa ya amince, zangon karatu na farawa ne wajen Maris, tsakiyar ruwa ke nan, ta taho da lema da kaya marasa nauyi. Kilishi da dambun nama kada ta ɗauko, ba a shiga da su. Kuka da kuɓewa da daddawa kuwa, duk abin da ta riƙo na ci ta rubuta shi a katin da ake bayarwa a jirgi, ta nuna wa jami'an filin jirgi su duba da kansu. Ni zan je in tarbe ta.